Ranar Gwaji a Sifawa

Ranar Litinin 8 ga Janairun 2024, Super Eagles ta buga wasan sada zumunta da Gini a Abu Dhabi, saura kwana 6 ta shiga filin gasar cin kofin nahiyar Afirka a Kwaddibuwa. Gini ta ci 2 da nema. Moses Simon ya ɓarar da fenareti, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya ji rauni har aka cire shi daga tawaga, ga Wilfred Ndidi da Victor Boniface su ma ciwo ya hana su zuwa. A raga kuwa, mai horarwa José Peseiro ya tsayar da Stanley Nwabali, golan Chippa United ta Afirka ta Kudu, wanda yawancin masu kallo ba su taɓa jin sunansa ba.

A Sifawa akwai wani tela da samari ke kira Koci, kuma ba da zolaya suke kiransa haka ba. Mutumin ya san ƙwallo. Yana iya lissafo maka 'yan Super Eagles da suka ci kofin Afirka a 2013 tun daga gola har ɗan gaba, ƙafarsa na kan keke, idonsa na kan allura. In aka yi gardama a gidan kallo, shagonsa ake kawo ta da safe a yanke. Ba mai mugun hali ba ne. Kowa ya san yana ɗinka wa marayun unguwa kayan Sallah ba ya karɓar ko kwabo.

Daren wasan Gini, Koci bai ga wasan ba. Wani yaro ne ya nuna masa guntayen bidiyo a waya wajen mai shayi, hunturu na kaɗawa, kowa ya cusa hannu a hammata. Ya kalli ƙwallo ta farko, ya kalli ta biyu, ya mayar wa yaron wayarsa.

"Wanga gola da anka ɗauko, wa yas san shi?" in ji shi. "Wasa guda anka ba shi, ga abin da yay yi. A maishe shi inda anka samo shi tun da sauran mutunci. Ku rubuta ku aje, ƙungiyar ga ba ta wuce rukuni."

Mai shayi ya ce ai wasan sada zumunta ne. Koci ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da wannan aka tashi, samari suka kwashi maganar suka zuba a Facebook kamar su suka ƙirƙiro ta.

A shagon Koci akwai ɗan ƙanwarsa. Uban yaron ya rasu, uwar tana wani ƙauye can gefen Shagari, ita ce ta kamo hannunsa ta kawo shi ta ce, "Yaya, ga ɗanka." Shekara uku yaron ya yi a shagon. Shi ke shara, shi ke hura gawayin guga in babu wuta, shi ke kafa maɓalli da kalmasa, shi ake aika Bodinga sayen zare. Ya iya taka keke, ɗinkinsa kuma miƙaƙƙe ne. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: sa almakashi a yadin mai kawo ɗinki. A buhun siminti da ƙyallayen da suka rage yake koyon yanka, in kawun ya tafi masallaci ko gidan kallo.

A makon nan na wasan Gini, Koci ya miƙa masa shadda ta wani ɗan kasuwa, ya ce azumi na tafe, aiki zai yi yawa, yana so ya ga hannunsa. Ya ba shi awo a takarda, ya hau babur ya tafi Sakkwato sayen kaya. Bai tsaya a kansa ba, bai duba zanen allin da yaron ya yi kafin a yanka ba. Yaron ya yanka jiki daidai, ya yanka hannu daidai, da ya zo wuya sai hannunsa ya yi rawa, almakashi ya zarce da kamar faɗin yatsa biyu.

Da la'asar Koci ya dawo, bencin ƙofar shago cike da 'yan hira. Ya ɗaga rigar sama yadda kowa zai gani.

"Shekara ukku kana cin tuwona, wanga na abin da ka koya?"

"Kawu, ka yi haƙuri, hannuna na yab..."

"Hannunka ba na ɗumki ba na. Tashi ka tahi gida."

Ya ba shi kuɗin mota. A daren nan, bayan kowa ya watse, Koci ya zauna da fitila ya yi wa wuyan rigar aiki mai ɗan faɗi, ya rufe ɓarnar gaba ɗaya. Mai shadda ya zo ya karɓa, ya yaba, ya sa ta zuwa ɗaurin aure. Har yau bai san an taɓa yin kuskure a rigarsa ba.

Gasa ta fara. Ranar 14 ga Janairu Najeriya ta yi kunnen doki 1 da 1 da Ikwatoriyal Gini, Koci ya ce ga abin da ya faɗa. Sai Peseiro ya sauya tsari, ya tsayar da 'yan baya uku a tsakiya, aka ci mai masaukin baƙi 1 da nema da fenaretin William Troost-Ekong. Aka ci Gini Bisau, aka ci Kamaru 2 da nema, aka ci Angola. Wasa 4 a jere ƙwallo ba ta shiga ragar golan nan da aka ce a mayar ba. A gidan kallo ihu ya fi ƙarfi in Zaidu Sanusi ya ɗauko ƙwallo ta gefen hagu, don ɗan Jega ne, kuma hanyar da ta bi ta Bodinga da Shagari da Tambuwal ita ce ke kai mutum garinsu. Koci ya fara cewa gola yana da natsuwa. Bayan wasan Kamaru ya ce tun farko ya lura da tsayuwarsa.

Ranar 7 ga Fabrairu a Bouaké aka yi wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Aka tashi 1 da 1, aka je bugun fenareti, Nwabali ya tare biyu. Washegari shagon Koci bai ɗauki mutane ba, sai da aka aro benci. A nan ne ya yi bayanin da ya fi kowane bayani da aka taɓa ji daga bakinsa, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Ya ce wasan sada zumunta kafin gasa ba a yin sa don a ci. Ana yin sa don mai horarwa ya ga wanda bai gani ba, ya gwada tsarin da bai tabbatar da shi ba, ya gano inda katanga ke da rauni tun ba a zo ranar da rauni ke fitar da ƙasa daga gasa ba. Shi ya sa doka ta yarda a canza 'yan wasa har 6, shi ya sa manyan 'yan wasa ke janye ƙafa, don ba wanda zai yarda ya karye saura kwana 6. Ya ce in gola zai yi kuskure, gara ya yi shi a Abu Dhabi, koci na tsaye a bakin fili yana gani, ya kira shi gefe ya nuna masa. Ya kawo misalin Alhassan Yusuf ɗan Kano, wanda sai da Ndidi ya ji rauni aka tuna da shi, aka kuma fara wasan farko na gasar da shi.

Ya tuna musu Nuwamban 2017, lokacin da Najeriya ta farke ƙwallo 2 ta ci Ajantina 4 da 2 a Krasnodar, Alex Iwobi ya ci biyu, ƙasa ta ɗauka kofin duniya ya zo hannu. Messi bai buga wannan wasan ba. Ranar 26 ga Yunin 2018, a ƙasar Rasha ɗin dai, Ajantina ta ci mu 2 da 1 ta koro mu gida. Ya ce ku dubi Kwaddibuwa ma: ta ci Saliyo 5 da 1 a wasan share fage, sannan Ikwatoriyal Gini ta zuba mata 4 a gaban jama'arta, ta sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ga ta yanzu a wasan ƙarshe. Gini da ta ci mu kuwa Kwango ta fitar da ita tun a zagayen 'yan 8.

"Wanda duk yay yanke ma yaro hukunci da wasan gwaji," in ji Koci, "bai san ƙwallo ba. Da Peseiro ya ji maganar mutane ya kori golan ga, da yanzu muna gida."

A ƙarshen benci akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda ya koyar da rabin masu zaman wurin, har da Koci. Ba ya zuwa gidan kallo, rediyo yake saurare. Shi ne ke ba yara labarin 22 ga Maris 1980, ranar da Green Eagles ta Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka. Yakan ce a ranar mutanen yankin nan sun ji kamar da hannunsu aka miƙa shi. Yakan kuma tuna wa mutane cewa garinsu garin karantarwa ne, don a nan Shehu Usmanu ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa yana rubuta littattafai, har ya koma Sakkwato a 1815.

Dattijon ya bari Koci ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka ƙaru muna da ilimi. Ni dai ban san ƙwallo kamar kai ba, bari in tambaya. Ranar da anka gwada golan ga, shi kocin shina nan ko ya tahi kasuwa?"

"Shina nan mana, Malam. Ina za shi? Ai don shi gani anka yi wasan."

"To da yaron yay yi kuskure, gaban jama'a anka hwaɗa mai?"

"A'a, Malam. Koci na ƙwarai ba ya tozarta ɗan wasa gaban mutane. Sai an shiga ɗaki."

"Madalla," in ji dattijon. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Har ya kai bakin hanya ya juyo. "Af, ina yaron nan naka mai guga? Na kwana biyu ban gane shi ba. Shi ɗai ka gaishe ni da rusunawa cikin layin ga."

Koci ya ce yana gida. Ya sunkuya ya ci gaba da taka keke, hirar ƙwallo kuma ba ta sake tashi ba a wannan safiyar.

Ranar 11 ga Fabrairu Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a Abidjan ta ɗauki kofi. Abin da ya biyo baya ya ba ni kunya, kuma ya kamata ya ba duk mai son ƙungiyar nan kunya. Jama'a suka yi wa Iwobi caa a intanet, zagi har da iyaye, sai da ya goge hotunansa daga Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito yana roƙon mutane su bari. Waɗannan 'yan wasa ne da aka ce ba za su wuce rukuni ba, suka kai wasan ƙarshe. Mai kallo yana da haƙƙin ya soki tsari, ya soki canji, ya ce wane bai taka rawar gani ba. Amma mutumin da ya sa rigar ƙasa ya yi gudu har numfashinsa ya ƙare, ba a biyan sa da zagin uwa. A wannan karon Koci yana ɓangaren gaskiya. Ya kori wasu samari biyu daga bencinsa saboda abin da suka rubuta, ya ce musu Iwobi ɗan mutane ne, yana da uwa, kuma magana ɗaya tana iya kashe wa yaro zuciya har abada.

Azumi ya kama a watan Maris. Yadi ya taru a shagon har saman akwati, Koci na yanka, shi ke ɗinki, shi ke guga, yana kwana a kan keke. Dattijon bai sake yi masa maganar yaron ba. Ya dai aiko jikansa da yadi mai araha, da saƙon cewa ba ya sauri, kuma in akwai mai koyo a shagon a ba shi ya yanka, in ya ɓaci nasa ne.

Ana saura kwana 10 Sallah, Koci ya rufe shago da hantsi, abin da tela ba ya yi a wannan lokaci, ya hau babur ya nufi gefen Shagari. Ya tarar da ƙanwarsa tana surfe. Suka gaisa, ta shimfiɗa masa tabarma. Ya tambayi yaron.

Ta ce ya bi motar albasa zuwa Legas tun watan jiya, yana dako a kasuwar Mile 12, har ya aiko mata da kuɗin cefanen azumi. Koci ya ce a kira shi a waya, ya dawo, kekensa na nan, kuma wannan karon zai tsaya a kansa ya nuna masa yankan wuya da hannunsa.

"Yaya, na yi mai maganar ɗumki tun kahin shi tahi," in ji ta. "Nac ce ko wani shago na shi nema cikin Sakkwato. Yac ce kai kac ce hannunai ba na ɗumki ba na, shi kau bai taɓa jin ka yi ƙarya ba."