Bakano da Rediyonsa Mai Bolt 5

Bakano bawana! Labari ya iso mana Zariya cewa ka cire rediyon da ya zo da motarka ka kafa sabo, kuma duk majalisar da ka tsaya sai ka sauke gilashi ka sanar da jama'a cewa naka mai bolt 5 ne, na sauran talakawa bolt 2. Har an ce kwalin ma ba ka yar ba, yana kujerar baya ko da wani zai yi gardama. Allah ya sanya alheri. Amma da yake haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, dole in zaunar da kai in karanta maka abin da ka saya, tunda ku a can in dai lamba ta fi lamba girma, to an gama ciniki.

Ka sa a zaro maka rediyon ka leƙa bayansa. Za ka ga wasu 'yan kafofi zagayayyu, ja da fari, bibbiyu, waɗanda ake kira RCA. Bolt 5 ɗin da kake tutiya da shi nasu ne su kaɗai. Ta nan rediyo ke fitar da ɗanyen sauti, wanda ko sifikar wayar hannu ba zai girgiza ba, a ja shi da waya zuwa amfilifaya ta daban da ake girkewa a but ko ƙarƙashin kujera, ita kuma ta ba shi ƙarfi ta tura wa sifiku. To ɗan leƙen asirina ya tabbatar mini babu amfilifaya a motarka. But ɗinka dilar atamfa ce da jarkar mai. Sifikun ƙofofinka kuwa daga wata 'yar ƙaramar amfilifaya da ke cikin rediyon suke samun nasu, ta wasu wayoyi daban, babu ruwansu da ja da fari. Kafofin da ka ƙara kuɗi dominsu suna can a buɗe cikin duhun dashbod, ƙurar Kano ce kaɗai ke shiga tana fita.

Na san ka, yanzu za ka nemi mafaka a wajen 50W x 4 da aka rangaɗa da manyan baƙaƙe a kwalin. Wannan adadi ne na ƙiftawar ido. Abin da irin waɗannan rediyo ke iya bayarwa a ɗore ba tare da sauti ya dagule ba yana tsakanin wat 14 da 22 ga kowace sifika, ko Pioneer ne, ko Alpine, ko Kenwood, kuma su da kansu sun rubuta haka a can ƙarshen ɗan littafin da ka ba yara suka yi jirgi da shi. Dalili ba boyayye ba ne: batirin mota bolt 12 ne, in inji na aiki ya hau wajen 14, iyakar abin da 'yar amfilifayar ciki za ta iya tatsa ke nan. Saboda haka mai bolt 2 da kake yi wa kallon raini, muddin ku biyun babu mai amfilifaya, yana iya tsayawa kusa da kai a danja ku yi kunnen doki, ko ma ya rufe ka in sifikunsa sun fi naka kyau.

Ba zan zalunce ka ba, mu Zagezagi ba a san mu da haka ba. Lambar tana da ranarta, ranar da aka sa amfilifaya. A jikin kowace amfilifaya akwai wani ɗan mamurɗi da aka rubuta wa gain, wanda yaran shago suke ɗauka na ƙara murya ne su murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita kunnen amfilifaya da ƙarfin abin da rediyo ke aiko mata. Ka dubi lasifikar masallacin unguwarku. In ladan mai murya ne, kaɗan ake buɗe na'ura, kiran salla ya fita tas. Ranar da aka samu mai 'yar siririyar murya, dole a buɗe ta sosai, sai ka ji har da kukan fanka da tarin dattijon sahun gaba. Amma ko wanne ne ya kira, ƙahon da ke saman hasumiya ba zai wuce iyakar ƙarfinsa ba. Haka abin yake a mota. Wayar ja da fari tana tafiya daga dashbod har but, tana kwasar hayaniyar lantarki a hanya, musamman kukan altaneta, wannan siririn fito da ke tashi in ka taka totur, ya sauka in ka ɗaga ƙafa. In sautin da rediyo ya aiko mai kauri ne, sai a rage mamurɗin, hayaniyar ta nutse. Daga bolt 2 zuwa 4 an ninka, tazarar desibel 6 ke nan, kuma mai kunne zai iya jin motar ta yi tsit tsakanin waƙa da waƙa. Daga 4 zuwa 5 ɗinka kuwa ko desibel 2 bai cika ba. A kan wannan ɗan guntun kake tare hanya.

Amfilifaya mai wat 300 kuma wat 300 za ta bayar, ko da bolt 2 aka ciyar da ita ko da 5, domin yawancinsu an ƙera su su karɓi daga ƙasa da rabin bolt har zuwa 5 ko 6. Abin da nake ji maka tsoro ma shi ne ranar da za ka sayi amfilifayar, ka haɗa ta da rediyon nan, sannan ka murɗe mamurɗin har ƙarshe don kada a ce wani ya fi ka. Tun murya ba ta kai rabi ba sauti zai fara tsagewa, zaren cikin sifika ya ɗau zafi, kafin ka kai Kwanar Ɗangora ka ji ƙauri, ka tsaya kana duba taya.

Wani abin da mai shago bai gaya maka ba, don shi ma ɗan garinku ne, ya san inda ake kama ku: bolt 5 ɗin nan ba kullum yake fita ba. A ɗakin gwaji ake auna shi, da sauti guda mai tsayi, an buɗe murya kusan ƙarshe. Kai da kake sauraron tafsiri da shirin siyasa a murya ta mutunci, kana amsa waya a tsakani, ko kusa da shi ba ka zuwa. Waƙoƙin ma da ke filas ɗinka, an tura su ta WhatsApp daga waya zuwa waya har sun gaji, babu bolt ɗin da zai dawo musu da abin da suka zubar a hanya.

In kana son sanin inda hayaniya take shigowa da gaske, je ka tsaya a kan mai wayarin ɗinka. Na san irinsu: ya fere waya da haƙori, ya murɗa biyu da yatsa, ya naɗe da salatif, ya ce Alhaji an gama. Wayar at, wadda ya kamata ta zama gajeriya mai kauri, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli sannan a ɗaure ta da noti, shi sai ya maƙala ta a kan fentin kujera. Wayar ja da fari kuma ya kwantar da ita jiki da jiki da babbar wayar wuta ƙarƙashin kafet ɗaya, alhali ƙa'ida ita ce wannan ta bi dama, waccan ta bi hagu. Fis ɗin da ake sawa kusa da batir don kada mota ta kama da wuta, wannan sai in ka tambaya. Motar da aka yi wa irin wannan aiki, ko bolt 8 ka kawo sai ta yi fito. Wadda aka yi wa aiki mai tsabta kuwa, da bolt 2 sai ka rantse a ɗakin watsa labarai kake.

Da ka biyo ta Samaru kafin ka zare kuɗi, ko ɗalibin ajin farko a Jami'ar Ahmadu Bello zai ce maka ka ƙirga kafofin kafin ka karanta lambarsu. Jeri uku ake so, na gaba da na baya da na wufa, don wata rana ka iya sarrafa kowanne daban. Zai ce ka gwada ko yana karɓar filas da Bluetooth ba tare da shan kunu ba. In kuma ɗan gwanjo ne, ka duba ba na cikin gidan Japan ba ne, domin tsofaffin nasu daga 76 zuwa 90 suke kamawa a zangon FM, ka ga Freedom Radio da ke 99.5 sai dai ka ji labarinta a bakin maƙwabta. Bakano babu Freedom a mota, ai sai a kai shi asibiti.

Yanzu ga shawara, kuma kyauta na ba ka, abin da ba a taɓa ji ba a Kantin Kwari. Ni ina da amfilifaya a but, rediyona kuma mai bolt 2 ne. Ka kawo naka mu yi musaya, ba sai ka yi mini ciko ba, in yafe maka kuɗin sharar bana. Kwalin kuma ka riƙe abinka.