Malamin Kimiyya a Gaban Motar Albasa

Direban da ya ɗauke ni daga Bagudo zuwa Tsamiya bai yi niyyar ba ni kujerar gaba ba, sai da na ce masa ni malamin kimiyya ne. Nan take ya ba ni aiki. Ya nuna mini wani ɗan agogo a gefen sitiyari, mai auna zafin hayaƙin inji, wanda aka soke bakin wayarsa a bututun da hayaƙi ke bi kafin ya shiga turbo.

"Malam, ka sa masa ido. Agogon ruwa ba ya magana sai aikin gama ya gama."

An labta wa motar albasa har ta yi doro, za a kai Segbana a ƙasar Benin, ga fasinjoji a saman lodi. Muka tsallaka Kogin Kwara lafiya. Bayan Ka'oje muka kama wani ɗan hawa, inji ya soma nishi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, allura ta haura 700, ta wuce 900, ta dafa 1,000. Ni kuwa shekara da shekaru ina koya wa yara cewa alminiyam, wanda da shi ake ƙera fistin, yana narkewa a digiri 660. A lissafina, tuni injin ya zama kunu.

"Wuta! Inna lillahi, wuta!"

Direba ya taka birki. Kafin mota ta gama tsayawa, na miƙa hannu na murɗe makulli, na ɓalle ƙofa, na dira cikin ƙarangiya. Na saman lodi suka yi ta dirowa, wata tsohuwa ta fara jefo kajinta sannan ta biyo su.

Direba bai ko kalle ni ba. Ya sake tayar da inji, ya bar shi yana aiki a tsaye, sannan ya leƙo.

"Malam, wace makaranta ka ce?"

Ashe agogon na Amurka ne, daga Kwatano ya sayo shi, da ma'aunin Faranhait yake ƙidaya. 1,000 ɗin nan bai kai 540 a Salsiyas ba. Shi sai allura ta doshi 1,200, wato wajen 650, yake sassauta totur ya sauko da giya, inji ya ƙara juyi, iska ta wadata, zafi ya faɗi. Lodi fiye da ƙima, hawa da babbar giya, famfon mai da aka buɗe fiye da kima, da filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, su ne ke dafa inji.

Kashe injin ne ya fi ƙona masa rai. Turbo na juyi fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai ne ke sanyaya shi. In aka kashe inji da zafi, sai man ya tsaya ya ƙone a cikin turbo. Shi ya sa ake barin inji ya huce 'yan mintoci.

Na soma bayanin yadda ake mayar da Faranhait Salsiyas, tsohuwar ta katse ni: "Ɗan nan, fara kamo mini zakarana tukuna."

Ita aka ba kujerata. Na ƙarasa Tsamiya a kan buhun albasa ina cirar ƙarangiya, yaron mota kuma ya karɓi kuɗin gaba cif, bai rage mini ko sisi ba.