Mai Zuwa Jidda, Ajiye Goronka

Alhaji, fara fitar da goron nan daga jaka. Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma ɗan kwastan ɗinsu bai san "ai na baƙi ne" ba. Babbar riga mai sitaci ma a bar ta gida, danshin Bahar Maliya zai jiƙa ta sharkaf kafin ka kai kasuwar Balad. A bakin teku kada ka ɗauki hoton iyalin mutane, tun 2019 tara ake ci. In an miƙo gahawa karɓa da hannun dama, in ka ƙoshi girgiza ɗan kofin, in ba haka ba a yi ta ƙara maka har Magariba. Jaka kuwa tafi da ita rabi, tsarabar dangi za ta cika ta.