Gwanin da ya sauke wa abokinsa nauyin suna

A gaishe da Hugo Pratt, gwanin zanen labarai na Italiya, mutumin da idan ya ga aboki da kaya a kai ba ya iya wucewa sai ya karɓe masa. An haife shi a Rimini a 1927, ya tashi a Benis, ya ɗan yi ƙuruciya a Habasha lokacin da Mussolini ya mamaye ta. A 1949 ya haye teku zuwa Buenos Aires, inda Allah ya haɗa shi da Héctor Oesterheld, marubuci ɗan Ajantina.

Raba aikin suka yi. Oesterheld ya ɗauki mai sauƙin, wato ƙago labari, da mutanen cikinsa, da duk abin da zai fito daga bakinsu. Pratt kuwa ya rungumi wahalar zane. Haka aka samu Sajan Kirk a 1953, sojan Amurka da ya yar da kaki ya koma cikin 'yan asalin ƙasar, sai Ernie Pike a 1957, ɗan jarida mai bin fagen yaƙi. Don tsabar ƙauna, fuskar Oesterheld ce Pratt ya ɗora wa Ernie Pike, har da dogon hancinsa.

Da aka zo sake buga labaran a Turai, sai suka fito da sunan Pratt kaɗai. Masu hassada suka ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haba! Mutumin da aka ba shi fuska sukutum a cikin labari, me zai yi da 'yan haruffa a bango? Ga kuma tausayin Turawa, kada su karya harshe wajen faɗin "Oesterheld".

Zane kam ya iya, ko maƙiyinsa ya sani. A 1967 ya fito da Corto Maltese, matuƙin jirgin ruwa mai ɗan kunne, wanda ba ya cin amanar aboki ko ana ha-maza-ha-mata. Halin da ubangidansa ya tara ne ya yi yawa, ya juye shi duka a takarda.

A 1977 sojojin Ajantina suka ɗauke Oesterheld, 'ya'yansa mata huɗu ma duk suka salwanta a hannunsu, har yau ba a ga gawarsa ba. Pratt ya rasu a Suwizalan a 1995 cikin girma da arziki. A ƙauyen Grandvaux, inda ya zauna, an kafa wa Corto mutum-mutumi yana kallon tafki.