Rigimar Gwangwani a Bakin 'Yan Boko

A cikin cututtukan da boko ya kawo mana akwai wadda asibiti bai san da ita ba: mutum ya kasa sayen kifin gwangwani sai ya tantance sunan da Bature ke kiran mazubin. Mutanen Ingila suna cewa "tin", na Amurka su ce "can", wanda a bakinsu yake fita kamar "kyan". Shi ke nan ɗan bokonmu ya samu sana'a. Wanda ya taɓa yin kwas a Landan ba ya yarda a ce masa kyan, wanda ya ƙoshi da finafinan Amurka a waya kuwa gani yake mai cewa tin tsohon yayi ne. Suna cikin musun mai shago ya riga ya ƙulle gwangwanin a leda, ya kuma ɗora wani abu a kan kuɗin, tunda ya ji Turanci na tashi.

Wanda ya fi ban tausayi yaron aike ne. An rubuta masa "can" a takarda, ya karanta da Hausa, ya tsaya yana waige-waige yana tambaya, "Can ina, Yaya?"

Kada Allah ya haɗa ka da irin wannan mutum lokacin shan shayi. Ka ce a miƙo maka kofi, sai ya gyara zama. Wannan ai mog ne, in ji shi, kap ɗan ƙarami ne mai faranti a ƙarƙashi, wancan na gilas kuma tambulan. Kwalba in bakinta na da faɗi sunanta daban, in wuyanta siriri ne sunanta daban. Kafin ya kai kan butar shayin, shayi ya huce, burodi ya bushe, kai kuma ka fara tunanin hanyar gida.

Mata dai sun huta da wannan wahala tuntuni. Duk abin da ba ƙarfe ba ne, ba ƙasa ba ne, roba ne, kuma babu wadda ta taɓa ɗauko wanda ba shi aka aike ta ba. Kula kuwa Bature ya yi ta don ta riƙe sanyi, sunanta ma abin da yake nufi ke nan, mu muka cika ta da dafa-duka mai tururi ranar biki, har a yi faɗa a kan wadda ta tafi da murfin. Sannan rubutun jikin mazubi ba ya ɗaure kowa a gidan Bahaushe. Buɗe gwangwanin biskit ka tarar da allura da zare da tsofaffin maɓallai. Robar askirim da ke cikin firji, wadda yara suka yi ta zagaye, miyar kuka ce ta jiya.

Inda ilimin ya kamata ya yi rana, a nan yake kwanciya barci. Galan ɗin Ingila ya ɗan haura lita 4.5, na Amurka bai cika lita 3.8 ba, na ɗan bumburutu kuma lita 4 ne a baki, a zahiri kuwa ya danganta da tsawon layin gidan mai da yadda aka matse cikin robar. Jarka Jamusawa suka ƙera ta a shekarun 1930, ta ƙarfe, mai cin lita 20, don sojojinsu. Tamu rawaya ce ta man girki mai lita 25, wadda 'yan ga-ruwa ke jerawa a kura. Malam zai karanto maka duk wannan tarihin a tsaye a kasuwa, amma ba zai juya mudu ya duba gindinsa ba, alhali mai awo ya bubbuga shi ya shige ciki.

Ran da ya je gaida tsohuwa a ƙauye aka ga iyakar karatun. Ta ce, "Ɗan nan, ɗebo mini ruwa a randa da moɗa." Ya shiga ɗaki ya daɗe, yana duban tulu, yana duban randa, yana duban masaki. Can sai ga shi ya fito da ludayi, yana tafe a hankali kada ruwan ya zube.

"Inna, wannan ce?"

Ta dube shi, ta dubi ludayin, ta kira jikarta mai shekara 6.