Allah Ya Ja Zamanin 'Yar Kwali

Har yau na kasa gane abin da ke damun mutanen nan masu haɗa kwamfuta da hannunsu. Mutum da hankalinsa, wani ma da furfura a gemu, ya ɗauki sukundireba ya zauna tsakar ɗaki ya baje kaya kamar ɗan koli: ga furosesa, ga ram, ga fanka, ga akwatin wuta. Wai shi sai ya zaɓi kowanne da kansa, sai ya san abin da ya saya da abin da ya biya. Wannan ai raina manya ne. Ga kamfanoni can masu suna sun ɗauke mana wahalar tunani, sun zuba komai a kwali, sun manna tambari mai sheƙi, abin da ya rage mana kawai mu miƙa kuɗi mu yi godiya.

Ni kam ina bayan 'yar kwali, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da farko tana da asali. Sai dai don Allah kada a matsa bincike a kan asalin nan. Kada wani ɗan baƙin ciki ya tuna mana cewa kwamfutar farko da Apple ya sayar a 1976 tsurar allo ce, babu akwati, babu abin bugun rubutu, mai saye ne zai nemo sauran ya haɗa, kuma dala 666.66 aka yi mata kuɗi. Kada a ce Michael Dell a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Texas da ke Austin ya fara a 1984, yana harhaɗa kaya yana sayar wa mutane daidai bukatarsu. Ita kanta IBM, uwar gayya, da ta fito da tata a 1981, furosesar ta Intel ce, manhajar ta Microsoft, sauran kayan kuma daga kasuwa aka tsinto su saboda sauri. Shi ya sa Compaq ya iya kwaikwayonta cikin ɗan lokaci, wasu suka bi sahu. Wato kaf gidan 'yan haɗi ne. Amma wanda ya yi kuɗi ba a tona masa asali, a bar kaza cikin gashinta.

Masu hassada kuma suna ta yaɗa cewa yawancin kwamfutocin cinya da ke ɗauke da manyan sunaye ba masu sunan ne ke ƙera su ba, wasu kamfanonin Taiwan ne irin su Quanta da Compal da Wistron, a masana'antun da galibi ke China. To sai me? Tuwo ɗaya ne a tukunya, amma na cikin kwanon sarki ai ba ɗaya yake da na cikin akushin almajiri ba. Kuɗin da ka ƙara, kuɗin kwano ne. Wanda bai san darajar kwano ba ya je ya ci da ganye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Bahaushe ya kamata ya fi kowa fahimtar ɗan haɗi, amma Allah ya tsare mu. Mu ne fa za mu sayi shadda yadi goma, mu tafi wurin tela ya auna kafaɗa, ya auna hannu, mu ce a saki wuya, a zurfafa aljihu, in tumbi ya ƙaru bayan shekara biyu a buɗe gefe. Dubi irin wahalar da muke sha a banza! Da kamfanonin kwamfuta ne ke yi mana ɗinki, da tuni mun huta. Riga uku za a yi, ƙarama da matsakaiciya da babba. Aljihun a ɗinke yake ruf. In kana son a buɗe shi, sai ka faɗa tun ranar saye ka biya. In kuma ka yi ƙiba, ai ba laifin rigar ba ne, ga sabuwa ta fito.

Kada a ɗauka zolaya nake yi, haka tsarin yake, kuma don amfaninmu aka yi shi. A 1995 Intel ya fito da ma'aunin da ake kira ATX, don akwatin wutar wannan kamfani ya shiga allon wancan, kowa ya iya canza abin da ya lalace. Ka ji ɓarna. Ina amfanin kaya in kowane ɗan tsurut zai iya gyara su? Allah ya sa aka samu masu hangen nesa. A ƙarshen shekarun 1990 Dell ya yi wasu kwamfutocin tebur da mahaɗar wutarsu ta yi kama da ta kowa sak, tana shiga daram, amma an sauya wa wayoyin wuri. Mai karambanin da ya sayo akwatin wuta a kasuwa ya jona, yana iya ƙona allon gaba ɗaya. Wannan tarbiyya ce. Yaron da ya taɓa wuta sau ɗaya ba sai an sake yi masa faɗa ba.

Apple kuwa ya ɗaga abin zuwa matakin fasaha. Ya kawo wasu ƙananan kusoshi masu kai kamar fure mai kunne biyar, waɗanda sukundireban gidanku bai san yarensu ba. A 2012 ya fito da MacBook Pro da aka like ram ɗinta da dalma a jikin allo, batirin kuma aka manne shi da gam. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ku rabu. Ya kuma yi shekara da shekaru yana karɓar dala 200 don ya ɗaga maka ram daga giga 8 zuwa 16, lokacin da ɗan haɗi ke sayen irin wannan ƙari a kasuwa da abin da bai kai rabin haka ba. Wa ya fi mutunci tsakaninsu? Wanda ya biya da yawa mana. A 2019 aka sa wa ƙafar da za a ɗora allon kallo dala 999, ƙafar kaɗai. Shekarar da ta biyo aka fito da tayoyi huɗu na gungura Mac Pro a dala 699, ba su da ko birki. Ina ɗan haɗi zai samu irin wannan ɗaukaka? Shi da akwatinsa ke zaune a ƙasa kamar buhun gero.

Kada kuma a ce masu kwali ba su da kyauta. Ba sa son gyara, gaskiya ne, amma suna ba da gyara, kamar mai awon da ke ƙara maka ɗan tafi bayan ta cika mudu. Kana kunna sabuwar kwamfuta za ka tarar an riga an cika maka ita da manhajojin da ba ka roƙa ba: wannan na cewa kwanakin gwajinsa sun kusa ƙarewa ka biya, wancan na neman ka yi rajista, dukansu suna shan ƙarfin injin tun bai fara maka aiki ba. Gwanin gyaran shi ne Lenovo. A 2015 aka gano ya sa wa wasu kwamfutocinsa wata manhaja mai suna Superfish, wadda ke cusa talla a shafukan da mutum ke dubawa, kuma a garin yin haka ta karya katangar sirrin da ke tsakanin mutum da bankinsa. Mutane marasa godiya suka yi ca, har a 2017 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 3.5. Ka yi wa mutum kyauta ya kai ka ƙara.

Sai garanti, wanda shi ne kambun 'yar kwali. Ɗan haɗi in abu ya mutu masa sai ya cire shi ya sa wani, kafin la'asar ya koma aiki, ba wanda ya ba shi haƙuri, ba wanda ya ba shi lambar ƙorafi. Mai 'yar kwali kuwa yana da takarda. Ni ma ina da ita, na lulluɓe ta da leda. Ranar da tawa ta ɗauke wuta bayan wata goma sha huɗu, wata biyu cif da ƙarewar garantin (dubi iya lissafi), na karanta takardar da kyau na ga ashe ko da ma bai ƙare ba, ba ya tsallake teku. Na ɗauke ta na kai wa wani yaro mai gyara a Kano. Ya buɗe, ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce, “Yallaɓai, ram ɗin ce ta tafi, kuma a like take. Sai dai a canza bod gaba ɗaya.” Na ce nawa? Ya faɗa. Na ce to ita kwamfutar nawa take a kasuwa yanzu? Ya yi murmushi ya ce kusan haka. Na fito ina ƙara jinjina wa mutanen da suka tsara abin.

Zan ɗan sauke murya a nan in faɗi wata gaskiya, ko da za ta ɓata mini waƙa. Kamfani na sayen kaya da miliyoyi, don haka a ƙaramar kwamfuta ta rubutu da lissafi sau da yawa ya fi ɗan haɗi araha. Kasuwar ma ta juya: tun wajen 2008 ta cinya ta wuce ta tebur a ciniki, ga wayar hannu ta zo ta cinye aikin da yawa, kuma ba mai haɗa ta cinya a tsakar ɗakinsa. 'Yan haɗi sun ragu, sun koma masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo, su ma a 2021 sun ji jiki da katin zane ya yi tashin gwauron zabo. Mun yi musu dariya sosai. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne sunayen da aka ce mu dogara da su har abada su ma ba su tsaya ba. HP ya haɗiye Compaq a 2002, IBM ta sayar wa Lenovo sashen kwamfutocinta a 2005, Acer ya saye Gateway a 2007, Sony ya rabu da VAIO a 2014. Amma tambarin yana nan a jikin murfi, shi ne muhimmi.

Yanzu wasu gwamnatoci sun fara shisshigi. Faransa tun 2021 ta tilasta a rubuta wa wasu kaya maki bisa goma na sauƙin gyaransu, jihar New York ta sa hannu a dokar 'yancin gyara a ƙarshen 2022. Wai mutum ya mallaki abin da ya saya. Ina za a kai wannan fitina? Gara Microsoft da ya san ya kamata: ranar 14 ga Oktoba, 2025 ya janye hannu daga Windows 10, Windows 11 kuma ba ta hawa tsofaffin injuna da yawa da ke aiki garau. Ɗan haɗi zai canza allo da furosesa ya riƙe sauran kayansa, abin tausayi. Mai 'yar kwali zai yi abin da ya dace da matsayinsa, ya sayi sabuwa.

Tsohuwar kuma ba asara aka yi ba, rabonmu ne ya tsaga. Za a loda ta a kwantena ta sauka Legas, ta kwana biyu a Computer Village da ke Ikeja, ta hau mota ta yo Arewa da sunan “London used”. Na tsaya na ga wani dattijo yana saya wa ɗansa irinta. Bai tambayi ram ba, bai tambayi shekarunta ba, bai tambayi ko batirin na riƙe wuta ba. Cewa ya yi, “Ɗana, wane kamfani ce?” Mai shagon ya sa hannun rigarsa ya goge tambarin har ya ɗauki ido, ya juya masa. Dattijo ya gyaɗa kai ya fara ƙirga kuɗi.

Ni ma sabuwa na saya, dal a kwali, ta kamfanin da ya fi wancan suna. An tabbatar mini ita ma komai nata a like yake, hankalina ya kwanta. Kwalin tsohuwar kuwa yana nan saman wadirof, shekara uku ke nan ko ƙwarzane bai yi ba.