Kwamitin Shiga Teku na Mahuta

Hutun Disamba na ƙaratowa wasu 'yan Mahuta suka rantse bana sai sun ga teku, na Legas kuwa. Kogin Kaduna da suke tsallakewa ta gada in za su shiga gari ruwan talakawa ne a wurinsu. Ka ce a je Gamji, gefen gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, a ɗan taka kwale-kwale, sai a tuna maka akwai kada.

Aka buɗe guruf a WhatsApp. Aka naɗa ciyaman, sakatare, ma'aji, har da mai binciken kuɗi, alhali ko sisi ba a tara ba. Aka kwashe makonni ana cacar baki kan anko: shuɗi ko fari? Wani malamin firamare ya ce a je Badagry a ga tarihin cinikin bayi, aka ce masa hutu za a je, ba aji ba. Aka tsayar da Tarkwa Bay, don sai ta jirgin ruwa ake isa can, abin da hoto ke so ke nan. Lafiyar inji, mutum nawa jirgin ke ɗauka, wa ya iya iyo, duk ba wanda ya tambaya. Dambun nama da zoɓo dai, kula shida.

Ranar shiga jirgi a Legas, an ce ƙarfe tara, wani Alhaji daga cikinsu ya iso sha ɗaya cikin babbar riga, yana taya kuɗin jirgi kamar gwanjo a Kasuwar Barci. Mai jirgi ya miƙa masa rigar kariya.

"Ranka ya daɗe, a sa wannan."

"Kai yaro! Ka san nawa na biya aikin wuyan nan? In rufe shi da soso?"

Wata Hajiya ta ce tata ba ta shiga da mayafinta ba.

Can wani ƙaton jirgin kaya mai nufar Apapa ya gifta, igiyar ruwansa ta ɗaga su ta dire. Alhaji ya wawuri riguna biyu. Ciyaman ya fara yafe bashi da suna, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya kuwa ta buga gefen jirgi tana cewa, "Direba, akwai sauka!"

Da yamma hotuna suka cika Facebook, kowa na murmushi, an rubuta "Teku sai mu". Ciyaman ya janye yafiyar tun a tasha, ma'aji bai kawo lissafi ba har yau, kuma an riga an buɗe sabon guruf: baɗi sai Zanzibar.